Aƙidar Triniti a Addinin Kirista: Ma'anarta, Tarihinta da Matsalar Kalmominta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin aƙidun addinin Kirista babu wadda aka fi yawan ambato, aka kuma fi yi wa gurguwar fahimta, kamar aƙidar Triniti. Wanda ba Kirista ba yakan ɗauka cewa ma'anarta ita ce bauta wa alloli uku. Kiristoci da yawa kuma, in aka nemi su yi bayaninta, sukan kawo misalan da malaman addininsu na farko suka riga suka ƙi amincewa da su. Babban abin da ya jawo haka shi ne harshe. An gina aƙidar ne da kalmomin Girkanci da na Latin waɗanda aka shafe shekaru masu yawa ana jayayya a kan ma'anarsu. Daga baya aka juya su zuwa Suriyanci da Larabci, sannan zuwa harsuna irin su Hausa, kuma a kowane zango akwai abin da ya zube a hanya.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da aƙidar ta ƙunsa kamar yadda masu riƙo da ita suka tsara ta, da yadda ta samo asali, da irin wahalar da mai fassara yake fuskanta a kanta. Ba a nufin tabbatar da ita ko rushe ta, domin wannan aikin malaman addini ne. Amma malamin harshe da ɗalibin al'ada, a ƙasar da Musulmi da Kirista suke zaune unguwa ɗaya, suna magana da harshe ɗaya, har suna kiran Mahalicci da suna ɗaya, wato Allah, suna bukatar sanin ainihin inda saɓanin yake.

2.0 Abin da Aƙidar ta Ƙunsa

Ana iya taƙaita aƙidar cikin maganganu uku waɗanda dole a riƙe su tare. Ta farko, Allah ɗaya ne, ba shi da na biyu. Ta biyu, Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, kowannensu kuwa cikakke ne a allahntakarsa, ba kashi ba ne daga cikinta. Ta uku, Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, Ruhu kuma ba shi ne Uba ba.

Abin lura a nan shi ne, masu aƙidar ba su ce Allah ɗaya ne kuma uku ne ta fuska guda ba. Cewa suka yi ɗaya ne ta fuskar zati, uku ne ta fuskar dangantakar da ke cikin wannan zati. Ukun suna tarayya a iko da sani da nufi da dawwama, babu wanda ya riga wani samuwa. Abin da ya bambanta su kawai shi ne asalin dangantakarsu: Uba bai fito daga kowa ba, Ɗa haifaffe ne daga Uba tun fil azal, Ruhu kuma mai fitowa ne. Duk wanda ya saki ɗaya daga cikin maganganun nan uku, a wurinsu, ya fita daga aƙidar. Tarihin jayayyar da za a gani a gaba, tarihi ne na mutanen da suka riƙe biyu suka saki ɗaya.

3.0 Tushenta a Littafi Mai Tsarki

Kalmar Triniti ba ta zo ko sau ɗaya a Littafi Mai Tsarki ba, kuma malaman Kirista ba su musun haka. Hujjarsu ita ce, kalmar tana tattara abin da ya zo a warwatse. Kiristocin farko Yahudawa ne, sun gaji kaɗaita Allah kamar yadda ya zo a Maimaitawar Shari'a 6:4, wanda Yesu da kansa ya nanata a Markus 12:29. Amma tun a ƙarni na farko suna yin addu'a da sunan Yesu, suna kuma yin baftisma da sunan ukun, bisa umarnin da ya zo a Matiyu 28:19. Babin farko na Bisharar Yahaya ya siffanta Yesu da Kalman da yake tare da Allah tun azal, sannan ya zama mutum. A labarin baftismar Yesu, cikin Matiyu 3:16-17, an ambaci ukun a waje ɗaya, kowanne da aikinsa.

Sai dai akwai wasu ayoyin da suke nuna Ɗa yana ƙarƙashin Uba, kamar Yahaya 14:28, da kuma Karin Magana 8:22 wadda a fassarar Girkanci ta ambaci halittar Hikima. Masu aƙidar suna fassara irin waɗannan ayoyi da cewa suna magana ne a kan mutuntakar Yesu, abokan jayayyarsu kuwa suna ɗaukarsu a kan zahirinsu. Har ila yau, akwai jimlar da ta ambaci ukun ƙarara a Wasiƙar Yahaya ta Fari 5:7, wadda ba ta cikin tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci. Irasmus bai sa ta a bugunsa na 1516 ba, sai a na 1522, kuma yawancin fassarorin zamani sun cire ta. Saboda haka masana ba su kafa hujja da ita.

4.0 Daga Tartuliyan zuwa Majalisar Nikiya

Wanda aka sani ya fara amfani da kalmar Girkanci tiriyas, wato uku a haɗe, game da Allah shi ne Tiyofilus, bishof na Antakiya, wajen shekara ta 180 Miladiyya. A Latin kuwa, Tartuliyan na birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, shi ya kafa kalmar tirinitas a farkon ƙarni na 3, tare da kalmomi biyu da suka zama ginshiƙi: substantiya ɗaya, farsona uku. Ya yi haka ne don mayar da martani ga masu cewa Uba da Ɗa da Ruhu sunaye ne kawai na abu guda wanda yake bayyana da kama daban-daban. Wannan ra'ayi an fi jingina shi ga Sabiliyus, wanda ya koyar a birnin Rum wajen shekara ta 220. Illarsa a wurin masu sukarsa ita ce, in haka ne, addu'ar da Yesu yake yi wa Uba ta zama mutum yana magana da kansa.

Ra'ayi na biyu ya ɓullo a Iskandariya ta Masar wajen 318, daga bakin wani limamin coci mai suna Ariyus. Shi ya riƙe kaɗaitakar Allah da bambancin Uba da Ɗa, amma ya ce Ɗa halitta ne, mafi girman halittu, wanda ta hanyarsa aka halicci sauran, sai dai yana da farko. Rigimar ta watsu har ta dami sarki Kustantin, wanda ya mallaki daular Rum gaba ɗaya a 324, yana kuma neman haɗin kan talakawansa. Sai ya kira taron bishof-bishof a garin Nikiya, wato Iznik ta Turkiyya a yau, cikin shekara ta 325. Al'adar ikkilisiya ta ce mutum 318 suka halarta, masana tarihi kuwa suna ƙiyasta tsakanin 250 da 300.

Majalisar ta zaɓi kalma guda wadda Ariyus ba zai iya amincewa da ita ba, wato homo'usiyos, ma'ana Ɗa zatinsa ɗaya da na Uba. Bishof biyu ne kawai suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus. Amma maganar ba ta mutu ba. Da yawa sun ƙi kalmar saboda ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, wasu kuma suka ji ƙanshin ra'ayin Sabiliyus a cikinta, har suka fifita homoyusiyos, wato mai zati irin na Uba. A rubutun Girkanci harafi ɗaya ne ya raba kalmomin biyu, amma ya raba tsakanin zama abu ɗaya da yin kama da juna. Atanasiyus, bishof na Iskandariya daga 328 zuwa 373, an kore shi daga kujerarsa har sau biyar saboda tsayawa a kan kalmar Nikiya. Hujjarsa ita ce, Allah kaɗai yake iya ceto, don haka in Ɗa halitta ne, to, ba mai ceto ba ne, bauta masa kuma ta zama bautar halitta. Wannan shi ne abin da ya sa masu jayayyar ba su ɗauke ta wasan kalmomi ba.

5.0 Rikicin Kalmomi Tsakanin Girkanci da Latin

A nan ne batun ya fi shafar mai nazarin harshe. Girkawa suna da kalmomi biyu, usiya da hufostasis, waɗanda a zamanin Nikiya kusan ma'anarsu ɗaya ce. Kalmar hufostasis, in aka feɗe ta, tana nufin abin da yake tsaye a ƙarƙashi, kuma wannan shi ne daidai ginin kalmar Latin substantiya. Saboda haka duk lokacin da masu Girkanci suka ce hufostasis uku, masu Latin sai su ji an ce zati uku, wato alloli uku. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta wa Fafaroma Damasus wasiƙa yana kukan wannan ruɗani. A ɗaya gefen kuma, farsona ta Latin da takwararta ta Girkanci, furosofon, sukan ɗauki ma'anar fuska ko abin rufe fuska na ɗan wasan kwaikwayo. Don haka in masu Latin suka ce farsona uku, masu Girkanci sai su ji an ce ɗan wasa ɗaya ne mai sauya fuska sau uku.

Taron da aka yi a Iskandariya a 362 ya gano cewa ɓangarorin biyu sau da yawa abu ɗaya suke nufi da lafazi daban. Malamai uku daga yankin Kafadokiya, wato Basil na Kaisariya, da ƙanensa Girigori na Nisa, da abokinsa Girigori na Naziyanzus, su suka ƙarasa aikin. Sun keɓe usiya ga abin da ukun suka yi tarayya a kai, suka keɓe hufostasis ga abin da ya bambanta kowanne. Majalisar Kustantiniya, wadda sarki Tiyodosiyus ya kira a 381, bishof wajen 150 suka halarta, ta tabbatar da matsayin Nikiya, ta kuma faɗaɗa bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Bayanin bangaskiyar da ake jingina wa wannan majalisa shi ne Katolika da Otodoks da yawancin Furotesta suke karantawa.

Agustin, bishof na Hifo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya rubuta littafi mai juzu'i 15 a kan Triniti. Ya nemi misali a cikin ran ɗan Adam, inda tunawa da fahimta da nufi suke abubuwa uku na hankali ɗaya. Duk da haka ya yarda cewa ana amfani da kalmar farsona ne don rashin wadda ta fi ta, ba don ta wadatar ba. Koyarwarsa cewa Ruhu yana fitowa daga Uba da kuma Ɗa ta bazu a ƙasashen yamma, ana kuma danganta shigarta cikin bayanin bangaskiya da taron Toledo na 589. Ikkilisiyar gabas ta ƙi wannan ƙari, kuma yana cikin dalilan rabuwar Rum da Kustantiniya da aka saba ƙidayawa daga 1054.

6.0 Aƙidar a Harshen Larabci

Bayan bayyanar Musulunci, Kiristocin Sham da Iraƙi da Masar sun sami kansu cikin wata sabuwar tattaunawa. Alƙur'ani ya yi hani ga faɗin uku a Suratun Nisa'i aya ta 171 da Suratul Ma'ida aya ta 73, Suratul Ikhlasi kuma ta kore haihuwa ga Allah. Tun a ƙarni na 8 aka fara rubuta bayanin Triniti da Larabci. Marubutan sun ɗauki jauhar, kalmar da asalinta Farisanci ne, a madadin usiya, suka kuma aro uƙnum daga Suriyanci a madadin hufostasis, jam'inta aƙanim.

Wajen shekara ta 781, Timoti na Ɗaya, shugaban Ikkilisiyar Gabas, ya yi muƙabala da halifa Mahdi a Bagadaza, inda ya kawo misalin rana da haskenta da zafinta. Ammar na Basra, a ƙarni na 9, ya bi ta hanyar sifofi, ya ce Allah rayayye ne, mai magana, to, maganarsa ita ce Ɗa, rayuwarsa kuma ita ce Ruhu. Yahaya ɗan Adi, masanin falsafa da ya rasu a 974, ya yi amfani da hankali da mai hankalta da abin hankalta. Malaman Musulunci irin su Abu Isa Warraƙ sun mayar da martani da tambaya mai kaifi: in aƙanim sifofi ne, me ya sa aka tsaya a uku, alhali akwai iko da ji da gani? In kuwa ba sifofi ba ne, abubuwa ne masu tsayuwa da kansu, to, ta yaya ba a ƙidaya azali uku ba? Amsar Kirista ita ce, aƙanim ba sifofi ba ne, domin sifofi na ukun ne baki ɗaya, ba kuma zati uku ba ne, dangantaka ce a cikin zati guda. A nan ainihin saɓanin ya tsaya tun wancan zamani.

7.0 Matsalar Fassara Zuwa Hausa

An fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun ƙarni na 19 ta hannun J. F. Schön, cikakken littafin kuma ya fito a 1932, Dokta Walter Miller yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Masu fassara sun sami Hausa da kalmomin addini a shirye, irin su Allah da Ruhu da Almasihu da Linjila, amma kowacce ta zo da nauyin ma'anar da Musulunci ya riga ya ɗora mata. Ga wasu daga cikin matsalolin.

Ta farko ita ce sunan aƙidar. In aka ce Allah ɗaya cikin uku, kunnen Bahaushe yakan ji ɗayan ma'ana biyu: ko guda daga cikin abubuwa uku, kamar a ce ɗaya cikin 'ya'yansa uku, ko kuwa sulusi. Dukansu biyu aƙidar ta kore su. In aka juya aka ce uku cikin ɗaya, sai ya zama kamar kaya uku a ƙunshi guda. Wannan ya sa aron kalmar Triniti, duk da baƙuntarta, ya fi kauce wa kuskure.

Ta biyu ita ce hufostasis. Kalmar mutum ba ta dace ba, domin a Hausa ɗan Adam take nufi, mutum uku kuwa suna da rai uku da nufi uku. Sifa ma ba ta dace ba, saboda dalilin da ya gabata. Zati, wadda almajiran tauhidi suka sani sarai, ta yi daidai da usiya, amma takwararta ba ta da gurbi a Hausa.

Ta uku ita ce kalmar ɗa. A zahirinta tana tafe da haihuwa ta jiki, da mata, da uban da ya girmi ɗansa, kuma malaman Kirista sun kore duk waɗannan. Gaskiya ne Hausa tana amfani da ɗa ba tare da haihuwa ba, kamar ɗan kasuwa da ɗan gari da ɗan hanya, wasu kuma sukan fake da wannan wajen bayani. Sai dai wannan amfani jingina kawai yake nunawa, ɗan kasuwa ba zatinsa ɗaya da kasuwa ba. Ke nan ma'anar zahiri ta wuce abin da aƙidar take nufi, ma'anar aro kuma ta gaza kai wa gare shi.

Ta huɗu ta shafi nahawu. Logos na Girkanci namiji ne, kalma a Hausa kuwa mace ce. Don kada a kira Yesu da ita, masu fassara sun mayar da kalmar namiji a Bisharar Yahaya, suka ce Kalman a maimakon kalmar, wato aƙida ta tanƙwara ƙa'idar jinsi.

Haka kuma misalan da akan ji a bakin jama'a suna da rauni. Misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, ko na mutum guda da yake uba a gida, malami a makaranta, manomi a gona, ra'ayin Sabiliyus ne tsantsa. Misalin duwatsun murhu uku da suke ɗauke da tukunya ɗaya kuwa ya mayar da kowanne kashi, wanda bai cika ba sai da 'yan'uwansa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa aƙidar Triniti ƙoƙari ne na riƙe kaɗaitakar Allah tare da matsayin da Kiristocin farko suka ba Yesu da Ruhu Mai Tsarki, kuma tsara lafazinta ya ɗauki lokaci tun daga Tartuliyan har zuwa 381. Ba duk masu kiran kansu Kirista suka karɓe ta ba. An ƙone Mika'ilu Sarbetus a Janiba a 1553 saboda musunta ta, Shaidun Jehobah ma ba su yarda da ita ba. Musulunci da Yahudanci kuwa sun ƙi ta daga tushe.

Abin da ya rataya a wuyan malami da mai fassara shi ne adalcin bayani. Wanda ya ce Kirista suna ikirarin alloli uku ya jingina musu abin da majalisunsu suka kore. Wanda kuma ya ce bambancin da ke tsakanin addinan biyu na lafazi ne kawai, shi ma bai faɗi daidai ba, domin tambayar ko zati guda yana karɓar bambanci a cikinsa tambaya ce ta haƙiƙa, kowane ɓangare kuma ya ba da amsarsa. Akwai bukatar masana Hausa su yi nazarin kalmomin da waƙoƙin coci da littattafan katekizim suke amfani da su a wannan fage, su kwatanta su da na waƙoƙin tauhidi, domin ƙamus na Hausa ya iya ba kowace kalma ma'anar da masu ita suke nufi da ita.